Inshora ta ce dashen hanta ba ya cikin takardarmu, shin in sayar da gidan?

Maman Khalil
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Maigidana shekara biyu ke nan yana fama da ciwon hanta nau'in B. Likita ya ce ya daɗe a jikinsa, wataƙila tun yana yaro, ba wanda ya sani sai da idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Muka ce shawara ce, muka yi wata huɗu muna jiƙe-jiƙe kafin mu je asibiti. Wannan kam laifinmu ne. Yanzu hantar ta motse ta yi tauri, ciki na tara ruwa, sau uku ana zuƙe masa tun bayan ƙaramar sallah. Na ƙarshe lita 5 aka cire, ina tsaye ina kallon robar tana cika.

Daren Talata wajen ƙarfe uku na farka ban gan shi ba. Na fito na tarar da shi a tsakar gida da hula a juye, yana laluben makullin mota wai zai kai yara makaranta. Motar da muka sayar tun bara. Na kama hannunsa, ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Shekara 14 muna tare.

Likita ya ce mafita ita ce dashe, kuma sai an fita waje. Wani asibiti a Indiya ya turo mana lissafin dala 36,000, ban da jirgi da masauki. Yana da inshora ta wurin aikinsa, shekara tara ana cire masa a albashi. Sau huɗu ina zuwa ofishinsu. Zuwan ƙarshe wata yarinya ta juyo min da kwamfutarta, ta ɗora farce a kan layi ɗaya ta ce, "Hajiya, wannan ba ya ciki." Ko kujera ba a nuna min ba.

Tambayata uku. Akwai yadda za a yi inshora ta biya? In babu, in sa gidanmu na Sheka a kasuwa? Shi ke nan mana, kuma yara uku gare mu. Sannan an ce mai rai yana iya bayar da ɓangaren hantarsa. Ƙannensa maza biyu tun da aka yi zancen kowa ya yi gum. Ni zan iya bayarwa?

Ummu Haidar
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Wallahi wurin makullin motar nan sai da na yi hawaye.

Ɗan Fagge
Hajiya sannu, Allah ya kawo sauƙi. Na yi shekaru a teburin inshora na wani asibiti, bari in faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi. Yarinyar ba ta iya magana ba, amma da wuya a ce ƙarya ta yi. Yawancin tsare-tsaren da ake saya wa ma'aikata ba su ɗauke da dashen sassan jiki, ba su kuma ɗauke da jinya a ƙasar waje. Dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, da Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin NHIS, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, amma ba ta ce kowace cuta za a biya ba. Ko ma'aikatan jiha da ke ƙarƙashin KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano, suna da jerin abin da ke ciki da wanda ba ya ciki.

Kuskuren da na ga kin yi shi ne kina zuwa da baki. Baki ba ya shiga fayil. Ki rubuta wasiƙa, ki haɗa da rahoton likita, ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki dawo da shi gida. A ciki ki nemi su ba ki cikakken jerin abin da tsarinsa ya ƙunsa, kuma su ba ki amsar ƙin biyan dashen a rubuce. Za ki ce mene ne amfanin takardar ƙi? Ita za ki kai wa masu kula da ma'aikata a wurin aikinsa, don kamfanin ne ya sayi tsarin, maganarsa ta fi taki nauyi a wurinsu. Ita za ki nuna wa Hukumar Zakka da Hubusi ko duk wata gidauniya, don ba mai ciro miliyoyi a kan "an ce".

Sannan zuƙe ruwan nan da kwanciya da gwaje-gwaje, wa yake biya?

Maman Khalil
Mu muke biya, Malam. Duk lokacin da muka je sai a ce lambar izini daga kamfanin inshorar ba ta iso ba, shi kuma yana numfashi da ƙyar. Sai in biya kawai.

Ɗan Fagge
To ai nan kuɗinku yake zurarewa. Asibitinsa na farko ne zai rubuta takardar turawa, su kuma masu inshorar su fitar da lambar. In gaggawa ce, a fara duba shi a nemi lambar daga baya. Ki tattara duk rasit ɗin da kike da shi, ki nemi a mayar miki da abin da ke cikin jerin. In sun yi ta ja miki rai, NHIA tana da ofis a Kano kuma ita ke sa ido a kansu, ki kai ƙorafi a rubuce.

Sarkin Yaƙin Kurna
Malam Ɗan Fagge, kana ta kare su. Shekara tara ana yankar albashin bawan Allah, ranar da ya faɗi a ce ba ya ciki. In zazzaɓi da Panadol ne ai ko mai kemis ɗin layinmu ya isa. Wannan ba inshora ba ce, adashin da ba a kwasa ne.

Ɗan Fagge
Ban kare kowa ba, ni ma na bar aikin. Amma ka lissafa abin da ake cirewa a wata, ka lissafa dala 36,000 a farashin 'yan canjin Wapa na yau. Tukunyar ba ta kai ba. Laifin da na yarda da shi shi ne ba a karanta wa mutum jerin a ranar da aka sa shi, sai ranar da ya kwanta.

Sarkin Yaƙin Kurna
To ka ga ka dawo hanyata.

Mai Sa'a
Hajiya ki bar wahalar da kanki. Akwai wani mai magani a hanyar Gezawa, jarka biyu kawai yake bayarwa, ruwan cikin duk zai fita ta fitsari. Maƙocinmu ya sha ya tashi.

Anti Nas
Don Allah Mai Sa'a, kar mu ƙarasa mata miji. Duk abin da mutum ya haɗiya hanta ce ke tace shi, wannan kuma hantar da ƙyar take numfashi. Na ga waɗanda aka kawo mana bayan jarka biyun nan, ƙoda ma ta tsaya.

Maman Khalil, ni ba dashen ne ya dame ni yanzu ba, daren Talatar nan ne. Ruɗewar nan ba aljanu ba ne, ba kuma hauka ba. Dattin da hanta ta kasa tacewa ne yake hawa kai. Ba a ba shi wani ruwan magani mai zaƙi da kauri ba, laktulos? Sau nawa yake bayan gida a rana? Kuma ƙwayar ciwon hantar, tenofobir ko entekabir, yana sha kullum?

Maman Khalil
Anti, kunya ta kama ni amma zan faɗa. Mai zaƙin na daina ba shi kwana goma ke nan. Yana sa shi zarya banɗaki, 'yan dubiya na zaune a falo, shi kuma mutum ne mai kunya, ni kuma na ga kamar gudawar ce ke ramar da shi. Tenofobir ɗin ta ƙare sati biyu da suka wuce. A kantin maganin asibiti aka ce babu, ni kuma duk abin da ya shigo hannuna ina jefawa a asusun tafiya.

Anti Nas
Subhanallah. 'Yar uwa ki tashi yanzu, ba gobe ba, ki kira likitansa ki faɗa masa abin da kika faɗa min. Bayan gidan da kike gudu shi ne aikin maganin, ana so ya yi mai laushi sau biyu zuwa uku a rana, ta nan dattin ke fita. 'Yan dubiya su yi haƙuri su koma gida. Ita kuma tenofobir ba a yanke ta kwatsam, cutar na iya tasowa da ƙarfi, kuma mai irin hantarsa ba shi da rarar da zai jure. Kina tara kuɗin Indiya, amma sai da mai rai ake hawa jirgi.

Tunda na fara bari in ƙarasa. Gishiri ki rage sosai, kuma ki sani dunƙulen miya gishiri ne, kanwa ma haka, kilishi da kifin gwangwani ma haka. Ki koma daddawa da albasa da tafarnuwa da lemon tsami. Kar ki hana shi ƙwai da wake da kifi don wani ya ce nama ne ke kawo ruɗewa, jikinsa na cin kansa, yana buƙatarsu sai in likita ne ya ce a rage. Ki ba shi ɗan abu kafin ya kwanta, ko kunu da madara, kar ya kwana da yunwa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kar ta shiga gidanki, gubar da ke ciki tana haɗuwa da nau'in B ta kawo kansar hanta. Ibufurofen da dikulofenak da ƙwayoyin barci, ko kusa. In ya yi aman jini, ko bayan gida ya fito baƙi kamar kwalta, ko zazzaɓi da ciwon ciki, ko barci ya yi nauyi ba ya tasuwa, ba a jiran safiya.

Ke da yaran an gwada ku?

Maman Khalil
Ba a gwada mu ba. Na kira likitan, ya ce in kawo shi da safe, in mayar da mai zaƙin daren nan. Ƙanena ya tafi neman ƙwayar.

Anti Nas
Madalla. Ku gwada duka. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da nau'in B, akasari ba su sani ba. Rigakafinsa ya shiga allurar yara tun 2004, ki duba katinsu. Wanda ba shi da cutar kuma ba shi da kariya, allura uku ce.

Baban Yusra
Ni na kai yayana Delhi aka yi masa, yau yana shagonsa a Kwari, alhamdulillah. Amma Hajiya zan gaya miki abin da ba a gaya mana ba.

Mu nan Kano mun saba jin dashen ƙoda, asibitin Malam Aminu Kano yana yi tun 2002. Hanta daban ce, aikin ya fi girma nesa ba kusa ba. Indiya suna da doka tun 1994, baƙo ba ya zuwa ya tarar da hanta na jiransa, da mai bayarwarka za ka je, kuma ɗan uwa na kusa: iyaye, 'ya'ya, 'yan uwan ciki, mata ko miji. Akwai kwamitin da zai zaunar da mai bayarwa shi kaɗai ya tambaye shi ko an matsa masa ko an biya shi. Mu an yi mana gwajin jinin dangantaka, sai da muka kawo takarda daga ofishin jakadancin Najeriya. In mata ce, su kan nemi takardar aure da hotuna da takardun haihuwar yara. Wanda aka ɗaura masa aure a ƙofar gida da goro ba takarda, ya fara nema tun yanzu.

Mai bayarwa sai rukunin jini ya dace, ba shi da nau'in B, hantarsa ba kitse, kuma su auna ta a hoto su ga in an yanka abin da zai rage ya ishe shi. In babban mutum za a dasa wa, sama da rabin hantar mai bayarwa ake cirewa. Tana tofowa cikin 'yan watanni, wannan gaskiya ne, ɗan yayana ne ya bayar kuma yau ƙwallo yake bugawa. Amma sati biyun farko na ga yaron nan yana kuka in zai yi tari. Kuma likitan ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa ana iya rasa mai bayarwa, ko da yake ba kasafai ba.

Kuɗi kuwa, lissafin da aka turo miki na aiki ne in komai ya tafi daidai. Kwana ɗaya na ƙari a ɗakin kulawa ta musamman kuɗi ne. Mun yi kusan wata uku a can, haya da abinci da gwaji duk sati. Mun fara tarawa dala na ƙasa da naira 500, aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin mu gama shiri ta haura 1,500. Kuɗin da muka tara ya narke a hannunmu kamar ƙanƙara a Afrilu. Bayan an dawo kuma takrolimus har ƙarshen rai, ita ke hana jiki ƙin sabuwar hantar, ana gwada yawanta a jini, maganin nau'in B ma ba a dainawa. Ki guji dillalan da ke cewa su za su haɗa ki da asibiti, ki yi magana da asibitin kai tsaye, kuɗi kuma asusun asibiti kawai.

Hajiyar Gwammaja
'Yata, ni na sayar. Shekara shida ke nan. Na sayar da gida mai ɗaki huɗu a kan araha saboda gaggawa, dillalai sun ga idona sun san ba ni da zaɓi. Kuɗi ya zo hannu, sai ƙaninsa da ya yi alkawari aka gwada shi aka ce shi ma yana ɗauke da cutar. Ashe gidan duka daga wurin uwarsu suka samo tun haihuwa. Muna neman wani, Alhaji ya yi aman jini ranar wata Juma'a, kafin la'asar an gama. Rabin kuɗin ya tafi a asibiti da bashi, sauran aka raba gado. Na koma haya da yara biyar.

Ba na ce kar ki sayar ba. Akwai daren da nake cewa da ban sayar ba da ban yafe wa kaina ba, akwai kuma ranar da mai gida ya turo a karɓi haya nake cewa wani abu daban. Abin da na sani shi ne na sa keken a gaban doki. Kar ki kira dillali sai kin ga mutum tsaye da sakamakon gwaji a hannu an ce ya dace, kuma likitocin can sun duba takardun mijinki sun ce jikinsa zai ɗauki aikin. Kuma gidan nan da sunan wa yake? In nasa ne, ki bari ranar da kansa yake garau ya faɗa da bakinsa gaban shaidu biyu. Dangin miji ba a sanin halinsu sai an yi rasuwa.

Ummu Haidar
Hajiya, wannan magana ta yi nauyi a gaya wa wadda mijinta ke kwance.

Hajiyar Gwammaja
Ta yi nauyi. Ni ba wanda ya gaya min, kowa "Allah ya ba shi lafiya" yake cewa ya wuce.

Mai kula da zaure
Na goge saƙon wanda ya ce yana da yaran da za su bayar in an biya su, na kuma cire shi. Ba a wannan a nan.

Almajirin Malam
Ka kyauta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jikin mutum, kuma duk mun ga yadda aka ɗaure Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, a Landan a 2023 kan maganar ƙoda. A shari'a ma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta dashe da sharuɗɗa, ta haramta sayarwa. Daga cikin sharuɗɗan akwai yardar mai bayarwa da kuma kada a halaka shi. Don haka Hajiya, in kin bayar sadaka ce babba. In kin duba yara uku kin fasa, ba ki yi zunubi ba, kuma ba wanda ya isa ya ce ba kya son mijinki. Haka ƙannensa, kar a la'ance su. Tsoro ba kafirci ba ne.

Sarkin Yaƙin Kurna
Malam, tsoro ba kafirci ba ne, amma ko gwaji su je mana. Yayansu ne fa, na tabbata shi ya yi musu makaranta.

Maman Khalil
Shi ya yi musu kuwa, har auren babban. Amma ni abin da ya fi ci min rai ba su ba ne. Da na gaya wa Innata ina son a gwada ni, sai ta ajiye carbinta ta ce, "In an kwantar da ku biyu a ƙasar da ba mu da kowa, wa zai ɗauki wa?" Na rasa amsa. Ga shi wani lokacin in ya kira ni karo na biyar a dare sai in ji haushi ya taso min, daga baya in zauna in yi ta istigfari.

Anti Nas
Wannan haushin rashin barci ne, ba rashin imani ba. Duk mai jinyar da ta ce ba ta taɓa ji ba, ba ta daɗe a jinya ba ne. Ƙannen da suka kasa bayar da hanta ai za su iya bayar da dare. Ki raba musu kwana, Litinin wane, Alhamis wane, ke ki shiga ɗakin yara ki rufe ƙofa. Ki faɗa gaban Hajiyarsu don kar a ce ba a ji ba.

Maman Khalil
Salam 'yan uwa, kwana tara ban leƙo ba. An kwantar da shi kwana uku, an sallame mu. Kansa ya dawo, jiya har ya tambayi sakamakon jarrabawar Khalil ya yi masa faɗa a kan lissafi. Wannan karon na zauna a teburin inshorar asibitin na ƙi tashi, lambar ta fito bayan awa huɗu, ba mu biya kuɗin gado ba. Wasiƙar ma na kai, an buga hatimi, an ce in dawo bayan sati biyu. Rasit guda 31 na samu a cikin jakar sallah da ƙarƙashin katifa.

An gwada mu. Yara ukun lafiya lau. Ni ba ni da cutar, amma jinina B ne nasa O, likita ya ce ban dace ba. Na yi kuka a bakin ɗakin gwajin, kuma ban san kukan me nake yi ba.

Gida ban kira dillali ba. Ƙaramin ƙanin nasa shi ya kwana da shi ranar Alhamis. Da asuba zai tafi ya tsaya a soro ya ce, "Anti, ina ne ake gwajin nan? Amma kar ki gaya wa Hajiya tukuna." Ya je shekaranjiya, sakamako sai Litinin.

Baban Yusra, don Allah takardun da kuka fara turawa Delhi, rahoton likita kaɗai ne ko har da hoton cikin da na jini duka? Kuma na wata nawa baya suke karɓa?